Ko Ya Dace Ɗaliban Ɗansoshiya Su Koyi Gyaran Hoto?

A lokacin zaɓe babu bangon da ke tsira a Kwanar Ɗangora. Fasta kan fasta, ɗan takara ya kafa hula, fuska sumul babu ko tabon ƙurji, tutar jam'iyya tana kaɗawa a bayansa. Idan zaɓe ya wuce sai katin ɗaurin aure da na walimar saukar Alƙur'ani da sanarwar gasar ƙwallo su karɓi fili, yawancinsu ma ba a bango ba, a WhatsApp. Manyan fastocin daga birni ake bugo su, amma da dama daga cikin ƙananan samarin yankin ne ke haɗa su a wayar hannu, kuma babu makarantar da ta koya musu. Wani ya gani wurin abokinsa, wani ya kalli bidiyo a YouTube da datar dare, a hankali hannu ya faɗa.

Abin da nake so a auna shi ne ko ya kamata makarantun sakandaren Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su ɗauki wannan abu su mai da shi aikin aji: a ba ɗalibi jinga ta gyaran hoto da zane a na'ura, ya yi ta a cikin zango, a duba a ba shi maki kamar yadda ake yi wa gonar makaranta. Na zaɓi Ɗansoshiya ta ƙaramar hukumar Kiru ta zama ma'auni domin a can ne hujjar kowane ɓangare za ta fi shan wahala. A dajinta ne gwamnatin jihar Kano ta Abdullahi Umar Ganduje ta buɗe kashin farko na rugar makiyaya a 2020. Yaran da ake magana a kansu 'ya'yan manoma ne da 'ya'yan Fulani, ba 'ya'yan unguwar Nasarawa ta birnin Kano ba. Duk tsarin da ba zai yi aiki a wurinsu ba, na 'yan birni ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa.

Masu goyon baya da sana'a suke farawa, kuma suna da abin nunawa. Je ka rumfar cajin waya ka zauna kusa da yaron da aka kawo wa aikin katin aure. An turo masa hoton ango, an ɗauke shi a jikin katangar ƙasa, rana ta haske rabin fuskarsa, ga akuya ta shigo ta gefe. Zai buɗe PixelLab ko PicsArt, ya ware hoton da yatsu biyu har sai zaren hular ya fito, ya dinga bin gefen kunne da na wuyan riga yana goge katangar. Bakin hula da gefen gyale su ne wurin da ake gane gwani, domin nan ne mai gaggawa ke barin farin layi kamar an yanko mutum da almakashi. Sannan ya rage hasken ɓarin da rana ta ci, ya ɗora angon a kan fili mai ruwan zinare, ya zo rubuta suna. A nan zai gamu da matsalar da kowane mai wannan aiki a ƙasar Hausa ya sani: yawancin kyawawan salon rubutun ba su da ƙ da ɗ da ɓ, in ka matsa sai su fito maka da ɗan akwati babu komai a ciki. Ko dai ya sauya salo, ko ya rubuta sunan garin ba lanƙwasa, ko ya zana lanƙwasar da kansa ya manna. Kafin la'asar ya gama, an ba shi na kati da ɗan abin shan ruwa.

Masu goyon baya suka ce, to, ga aiki nan da ke da ciniki a ƙauye, jarinsa waya ɗaya. Ba ya buƙatar shago, ba ya buƙatar keken ɗinki, kuma yarinyar da ba a bari ta fita talla za ta iya yin sa daga ɗakin mahaifiyarta. Photoshop, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1990, ya daɗe yana hannun masu kwamfuta da kuɗin lasisi, CorelDraw kuma ya zama abin hannun masu maɗaba'a a birni. Tun da Canva ta fito a 2013, ga Snapseed da ire-irenta kyauta a waya, ƙofar ta buɗe wa kowa. Abin da ya rage shi ne tsari: yaron nan na rumfar caji ya iya yanka hoto, amma bai san dalilin da ya sa jan rubutu a kan shuɗi ke gajiyar da ido ba, bai san me ya sa katin da ya yi kyau a waya ya fito dishi-dishi da aka buga shi babba ba. Irin wannan ne aikin malami. Suna kuma tuna mana cewa abin ba baƙo ba ne a manhajar ƙasa. Tsarin karatun babbar sakandare da aka fara a 2011 ya zo da darussan sana'a guda 34, ɗaukar hoto na cikinsu, kuma ƙaramar sakandare tana da darasin al'adu da fasahar ƙirƙira. Tun 2015 kuma jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, alhali akwai ɗan ƙauyen da ranar jarrabawar ce ranar da ya fara kama linzamin kwamfuta. Duk abin da zai sa ya saba da allo kafin wannan rana riba ce.

Amsar farko ta masu adawa gajeriya ce: ana ta kai wa yake ta kaya? A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar Kano, kuma shi da bakinsa ya yi maganar ɗimbin yaran da ke zama a ƙasa da ajujuwan da babu malami. Makarantar da ba ta da kujera, ba ta da wuta, wani ajin rufinsa ya yaye, ita za a ce ta koyar da gyaran hoto? Akwai ɗan aji uku na ƙaramar sakandare da har yanzu yake haɗa baƙi da ƙyar. Awar da za a kashe a kan launi da haske, in ji su, daga bakin karatu da lissafi aka ciro ta. Ga kuma batun waya: makarantu da yawa, musamman na kwana, sun hana shiga da ita, kuma ba banza suka hana ba. In aka ce kowa ya zo da tasa, ɗan mai hali ya ci maki, ɗan wanda ke jiran kaka kafin ya sayi takalmi ya faɗi darasin da bai taɓa samun damar gwadawa ba.

Wannan hujja tana da nauyi, amma ina ganin tana auna abin da ba shi aka nema ba. Ba ɗakin kwamfuta mai na'urar sanyi ake buƙata ba. Wayoyi huɗu ko biyar na makaranta, a ajiye su a ofishin shugaba, da faifan sola ɗaya na caji, sun isa a raba aji rukuni-rukuni, kuma yawancin manhajojin suna aiki ba tare da data ba da zarar an sauke su. Mun sha ganin inda aka kawo wa makaranta kwamfutoci aka yi biki, bayan shekara biyu suna ɗaki a kulle ƙura ta rufe su don babu man janareta. Waya ba ta da wannan lalura. Batun karatu kuwa, jingar da aka tsara da kyau ba ta cin lokacinsa, ƙara masa take yi, muddin aka wajabta wa ɗalibi ya rubuta bayanin hotonsa da abin da ya sauya a ciki, da Hausa da Turanci. Yaron da ke gudun rubuta insha'i a kan "ranar da ba zan manta ba" sau da yawa zai zauna ya rubuta layi biyar a kan hoton da shi ya ɗauka.

Hujjar da ta fi wannan zurfi ta addini ce, kuma kuskure ne a wuce ta da murmushi kamar yadda wasu 'yan boko ke yi. Akwai hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim masu tsananin gargaɗi ga masu yin surar abu mai rai. Malaman Malikiyya, mazhabar da aka ginu a kanta a ƙasar nan, sun tsaya a kan cewa haramcin ya fi tabbata ga sura mai inuwa, wato mutum-mutumi cikakke, suka sassauta a kan wadda ke shimfiɗe a takarda ko tufa. Da kyamara ta zo sai aka sake buɗe babin. Muftin Masar, Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya tafi a kan cewa hoton kyamara tsare inuwa ne kawai, irin abin da mutum ke gani a madubi, ba ƙirƙirar sura ba, kuma Shaihu Yusuf al-Ƙardawi ya bi wannan hanya. Shaihu Ibn Baz da Shaihu Albani kuwa sun hana, sai don lalura irin ta fasfo da katin shaida. Duka ra'ayoyin suna da mabiya a masallatan Kano.

Ga inda mai adawa ya kama wuri mai kyau. Hujjar masu halatta hoto ta ginu ne a kan cewa hannun ɗan Adam bai sa komai ba, haske ne ya faɗa a kan na'ura. To, gyaran hoto shi ne dawo da hannun. Wanda ya rage faɗin hanci, ya ƙara girman ido, ya wanke baƙar fata ta koma fara, ba tsare inuwa yake yi ba, sabuwar fuska yake ginawa. Ko wanda bai damu da fiƙihun ba ya kamata abin ya dame shi ta wata fuskar, domin yarinyar da ta saba ganin kanta fara sol a waya ita ce gobe za ta nemi man bilicin. Ban ga yadda za a yi a ce wannan ƙorafi ba shi da tushe ba.

Sai dai gyara hawa-hawa ne. Ƙara haske a hoton da ya yi duhu, yanke gefen da ba a buƙata, miƙe hoton da ya karkace, duk ba su taɓa halitta ba, kuma mai ɗaukar hoto na zamanin fim yana yin su a ɗakin wanki. Abin da ya fi muhimmanci kuma, babban ɓangare na wannan fasaha babu ruwansa da fuska. Bahaushe ya daɗe yana zane ba tare da surar mai rai ba: zayyanar allon sauka, dagi a goshin soro, aska takwas a ƙirjin babbar riga, zanen ƙwarya da na hula da lallen amarya. Ana iya cika zango guda ɗalibai suna ɗaukar zanen ƙoren da ke jere a ɗakin uwar gida a ruga, suna fitar da layukansa a na'ura, suna mai da shi ƙawar gefen kati ko tambarin ƙungiyar manoma, babu wanda ya zana ko ƙuda. Ɗalibin da mahaifinsa ke bin fatawar hani ba sai an tilasta masa aikin fuska ba, kuma bai kamata makinsa ya ragu don haka ba.

Yankin nan ya riga ya ga abin da ke faruwa idan aka tsallake wannan tattaunawa. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina dandalin shirya fina-finai na kimanin naira biliyan uku a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, mahaifar ɗan majalisar tarayya Abdulmumin Jibrin. Malamai suka hau mumbari, jama'a suka ɗauka a kafafen sada zumunta, cikin ɗan lokaci aka janye aikin. Har yau akwai masu ganin an yi asarar aikin yi ga dubban matasa, akwai masu ganin an tare ɓarna tun daga nesa. Ko wanne ne daidai, an sanar da aikin kafin a zauna da waɗanda jama'a ke saurara. Abin lura kuma, a Tiga, cikin Bebejin dai, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa makarantar koyon harkar fim a zangonta na 2011 zuwa 2015, tare da ta fasahar kwamfuta a Kura, kuma ba su gamu da irin wannan guguwa ba, duk da cewa makomarsu ta dinga bin sauyin gwamnati. Shugaban makarantar da zai fara jingar hoto a Ɗansoshiya, kafin ya sayi waya, ya fara zuwa wurin liman da dagaci da arɗo ya nuna musu abin da yaran za su yi.

Akwai tsoro na uku, wanda iyaye mata suka fi faɗa. Hoton 'ya mace idan ya fita ba ya dawowa. Yaron da aka koya wa cire katanga daga bayan ango, an koya masa ɗora kan wata a jikin wata. A gari ƙarami inda kowa ya san kowa, hoto ɗaya na ƙarya ya isa a fasa baiko, kuma bayanin da za a yi daga baya ba zai kai inda hoton ya kai ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, haka dokar kare bayanan jama'a ta 2023 wadda ta nemi amincewar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, amma wace uwa ce a Yalwa ko Daɗin Kowa za ta kai ƙara a kan wannan? Rufe bakinta za ta yi ta cire 'yar daga makaranta. A yankin da ake lallashin iyaye su bar 'ya'ya mata su gama sakandare, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

A nan ne na rabu da masu adawa, kuma a nan ne nake ganin masu goyon baya ba su riƙe hujjarsu mafi ƙarfi ba, sun tsaya a kan kuɗin kati. Iya haɗa hoton ƙarya ya riga ya iso, ba makaranta ya jira ba. Abin da bai iso ba shi ne iya gane shi. Dillalin da ya san yadda ake ba saniya kanwa a ɗura mata ruwa kafin a shiga kara, shi ne ba a sayar wa kumburi da sunan ƙiba. Yarinyar da ta taɓa yanka hoto da hannunta ta san inda za ta duba: gefen gashi, inuwar da ta faɗi hagu alhali ta sauran mutane ta faɗi dama, launin wuya da ya saɓa da na fuska. Ita ce za ta iya tsayawa gaban mahaifinta ta nuna masa da yatsa cewa wannan haɗi ne. Hana ta sani bai kare ta daga komai ba.

Abin kuma ya wuce batun aure. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Barikin Ladi a jihar Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook aka ce gawarwakin waɗanda Fulani suka kashe ne. Binciken da BBC ta fitar a ƙarshen shekarar ya nuna wasu daga cikinsu ba na wurin ba ne, ɗaya ma a Kongo Barazabil aka ɗauke shi shekaru kafin nan, kuma an kashe mutane a kan hanya a cikin fushin da ya biyo baya. A lura, waɗannan hotuna ba gyara su aka yi ba, bayanin ƙasansu ne ƙarya. Don haka darasin da ya tsaya a kan maɓallan manhaja bai gama aiki ba, sai ya koya wa yaro tambayar wa ya ɗauka, a ina, yaushe. 'Ya'yan makiyayan Ɗansoshiya sun fi kowa buƙatar wannan, domin su ne ake yawan yaɗa hoto da sunansu, kuma da wuya ka ga hoton ruga wanda ɗan ruga ne ya ɗauka.

Saura hujjar da ta fi sabunta, wadda matasan da ke cikin sana'ar da kansu suke faɗa cikin damuwa: ƙirƙirarriyar basira za ta cinye aikin. A watan Maris na 2023 duniya ta ruɗu da hoton Fafaroma Francis cikin farar rigar sanyi mai kumburi, alhali manhajar Midjourney ce ta ƙirƙira shi. Wata guda bayan haka Bajamushe Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar gasar hoto ta Sony, ya bayyana cewa abin da ya ci gasar da shi na'ura ce ta haɗa. Tun 2024 kamfanin Meta ya sa irin wannan basira a cikin WhatsApp ɗin da ke aljihun kowa a Najeriya. Goge katangar da ke cin yaron rumfar caji rabin awa, yanzu taɓawa ɗaya ce. Me ya sa za a koya wa ɗalibi abin da kafin ya gama makaranta ya zama kyauta? Har ma ana iya ƙarawa da cewa sabon tsarin karatun da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 ya rage darussan sana'a zuwa shida, irin su haɗa sola da gyaran waya da kiwo, babu ɗaukar hoto a ciki.

Rabin wannan magana gaskiya ne. Wanda iyakar iliminsa shi ne ɗauko ƙirar da wani ya riga ya yi a Canva ya sauya suna, kwanansa a kasuwa ƙidayayye ne, kuma jingar da za ta ba da maki a kan irin wannan kwafe ba ta cancanci ko awa ɗaya ba. Duba katunan auren da ke yawo: fure iri ɗaya, zobe biyu iri ɗaya, ruwan zinare iri ɗaya, daga Kiru har Legas. Amma ka ce wa na'urar ta zana maka Bafulatanar Kano ta Kudu tana tallar nono, sau da yawa za ta ba ka wata mace da tufafi gauraye, ɗan kunne daga wata ƙasa, ƙwarya daga wata. Ba ta san wurin ba, domin ba a ɗauki wurin ba. Ramukan kuzar Riruwai, masunta a madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, bakin dajin Falgore da damina, masussukar masara a Doguwa, shinkafar Tudun Wada a shanya: duk wanda zai nuna waɗannan sai ya je da ƙafarsa. Ɗalibin yankin yana da abin da babu a rumbun kowace manhaja.

Akwai abin koyi a Zariya. A 1958 wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya kwaikwayon zanen Turai kawai ba. Za su karɓi dabarar da malamansu Turawa suka kawo, su zuba mata abin gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, kuma daga wannan yunƙuri na ɗalibai aka sami ginshiƙan zanen Najeriya na zamani. Abin da ke ɗan sosa mini rai shi ne a Zariya aka yi wannan, kusa da masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, amma fitattun cikinsu ba 'yan ƙasar Hausa ba ne. Namu zanen ya zauna a hannun magina da maɗinka da alarammomi, makarantar boko ba ta cika waiwayarsa ba. Waya ta sake kawo irin wannan dama, wannan karon har ƙauye.

Saboda haka ni ina tare da a yi, amma ba kowace irin jinga ba. Sharaɗin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne ɗalibi ya miƙa hoto biyu, na asali da gyararre, gefe da gefe, da bayanin duk abin da ya taɓa. Manyan kamfanonin labarai da wannan ƙa'ida suke aiki, shi ya sa a watan Maris na 2024 AP da Reuters da AFP suka janye hoton iyali da fadar Kensington ta Ingila ta fitar da suka ga alamar an taɓa shi. Yaron da ya saba tun yana aji ɗaya cewa gyara abu ne da ake bayyanawa, ya sami tarbiyyar da rumfar caji ba ta bayarwa. Hoton ya zama shi ya ɗauka a garinsu. Fuskar mutum ba ta shiga sai da izininsa, ta ɗaliba kuwa sai da izinin iyayenta, kuma wayar ta kwana a makaranta. Makarantar da ta san ba za ta iya riƙe wannan ba, ta tsaya a kan zayyana da gonaki da shanu, babu abin da ta rasa.

Inda abin zai fi tsayawa shi ne malami. Malamin zane ya yi ƙaranci ko a birni, wanda aka tura ƙauye kuma yakan fara neman canjin wuri tun kafin ya sauke jaka. Malamin kwamfuta na makarantu da yawa a allo yake zana linzami da alli. Ina ganin hanya biyu ce a buɗe, kuma duka ba su da tsada. Makarantar Tiga da ta Kura suna kusa, za su iya karɓar malaman yankin a lokacin dogon hutu su horar da su na 'yan makonni, idan ma'aikatar ilimi ta nema. Sannan ga samarin nan da suka koya da kansu. Shugaban makaranta zai iya gayyato ɗaya daga cikinsu, wanda gari ya shaida halinsa, ya zo sau ɗaya a mako ya nuna aikin hannu, malamin aji yana tsaye yana kula da tsari da maki. Ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya ɗaukar nauyin ɗan abin da za a ba shi, kamar yadda take yi wa malaman sa-kai na lissafi da Turanci a makarantu da yawa.